Jan Kafson Kawu Maitama

Karu, 29 ga Fabrairu, 2004

Yaya Nazeer,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya karatu, ya baƙunta a Malesiya? Mu nan lafiya lau, in ka cire abin da ya sa na ɗauki biro. Na so in faɗa maka a waya, amma ka san halin katin nan, kafin a gama ya gida ya aiki ya ƙare, ga Baba zaune kusa da ni ya kasa kunne.

Kawunka ba shi da lafiya. Tarin nan da ya fara tun kafin ka tafi, wanda yake ce mana sanyin fanka ne, ashe tibi ne. Sai da ya fara zufa yana jiƙa katifa, wandunansa suka daina zama a ƙugu, sannan ya yarda na kai shi asibiti. An gwada kakinsa, an tabbatar. An ɗora shi a kan magani kala huɗu: wani jan kafso da farare uku, kullum da safe kafin ya karya. Nas ɗin da ke kula da masu tari, Sista Magdalena, ta so ya riƙa zuwa kowace safiya ya sha a gabanta. Na roƙe ta saboda jikinsa, ta yarda tana ba mu na sati, ni ce zan tsaya a kai. Ta ce kada mu tsorata in zufarsa ta koma ja, aikin kafson ne. Haka kuwa aka yi, singiletinsa duk sun rine.

Damuwata ta biyu Baba Thaddeus ne, Tadin Baba. Ka san su tun zamanin da kake zaune a gidanmu, tun suna jan tifa lokacin gina Abuja kwanonsu ɗaya, har yau kuma da azahar yana rufe shagon tayarsa ya zo su ci a zaure, su rufe ƙofa wai saboda ƙuda. To shi ma tari yake yi, irin na Baba sak. Na ce ya je a duba shi, ya ce, "Zuhra, ni ba na zuwa wannan benci na masu tari. A Karu in mutum ya zauna wurin da safe, kafin yamma sun ce ƙanjamau ne. 'Yata Jennifer zai yi aure a Agusta, kina so mutanen mijin su gudu?" Ba ƙarya ya yi ba kuwa.

Na san kai ba likitan mutane ba ne, ƙwayoyin cuta kake leƙe a madubi tun kana ɗakin bincike na Sheda. Amma duk danginmu kai kaɗai ne za ka yi mini bayani ba ka yi mini tsawa ba. Me ya sa har kala huɗu? Baba yana ta mita, wai ko doki ba a ɗura masa haka. Tun rasuwar Inna ban ji tsoro irin wannan ba.

Ƙanwarka,
Zuhra

*

Serdang, 14 ga Maris, 2004

Ƙanwata Zuhra,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai dai ta hana ni sukuni. Allah ya ba Kawu lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ƙalau nake, ruwan sama ne kawai ba ya gajiya a ƙasar nan.

Ki kwantar da hankalinki, tibi ana warkewa sarai. Ki gaya wa Kawu kala huɗun ba mugunta ba ce. Abin da ke cin huhunsa halitta ce mai rai, ƙarama ƙwarai, kuma ba ɗaya ba ce, miliyoyi ne. Kowane magani da inda yake kama ta. Biyu daga cikin fararen suna hana ta gina ɓawon da ke rufe jikinta. Na ukun yana bin waɗanda suka laɓe inda sauran ba sa yi musu komai. Jan kuwa shiga cikinta yake yi ya tsayar da wurin da take karanta umarnin gina kanta, shi ya sa ya fi duka ƙarfi. Sai sun taru suke gamawa da ita. Ya sha duka, kullum, har ranar da asibiti suka ce ya isa, ko da ya ji garau.

A iska ake ɗaukar cutar, ba a kwano ba. Ki buɗe tagogi, ki riƙa shanya shimfiɗarsa. Zaman nan da suke yi da Baba Thaddeus a zaure ƙofa rufe a dakatar da shi, a kuma kai shi gwaji ko da lallashi ne. Ke ma ki sa a duba ki.

Ki gaida Kawu. Ki ce masa na ce direban da ya hau dutsen Zuba da tifa cike da yashi ba zai kasa haɗiye ƙwaya huɗu ba.

Yayanki,
Nazeer

*

Karu, 18 ga Afrilu, 2004

Yaya Nazeer,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. An duba ni, ba ni da komai, alhamdu lillahi. Baba kuma da sauƙi, yana cin abinci.

Na yi abin da ka ce, amma ka sa ni aikin da ban taɓa yin mai ɗacinsa ba. Ran Asabar ɗin da wasiƙarka ta zo na tare Baba Thaddeus a ƙofar gida, na durƙusa na ce ya yi haƙuri ya daina zuwa sai Baba ya warke. Ya ce, "Ni ne na ɗauko ki daga asibiti ranar da an haife ki, a gaban tifa." Ya juya ya tafi da ledar lemon da ya kawo. Baba kuwa kwana biyu bai yi mini magana ba. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Wato Nazeer ya je ƙasar waje ya koyo yadda ake raba mutane. Don Tadi yana zuwa coci ne?" Na rantse masa ba haka ba ne, ban sani ba ko ya yarda.

Amma ka ga ikon Allah, tun daga nan ya daina gardamar magani. Ka san ni da an idar da asuba nake fita, in na makara cunkoson Nyanya ya riƙe ni sai ƙarfe tara ta same ni a hanya, ga oga ba ya jin uzuri. Don haka nakan zuba masa na ranar a ɗan faranti da kofin ruwa in fita da gudu. In na dawo farantin wayam. Har ya ɗauki al'adar fita miƙe ƙafa da hantsi, ya ce iska tana yi masa daɗi.

Wani abin mamakin, na haɗu da Mama Catherine matar Baba Thaddeus a kasuwa, ta ce tarinsa ya lafa, zazzaɓin ya sauka, har ya koma ɗaga taya. Ta ce addu'a ce. Wataƙila dai nasa ba tibi ba ne, mu muka tsorata.

Sai albishir na ƙarshe. Jan da ke rina singiletin Baba ya daina. Sati uku ke nan ina wanki fari tas. Ina ganin jikinsa ya saba ne, ko kuma cutar ce ta fara fita. Ka ga ƙanwarka ta kusa zama likita.

Zuhra

*

Serdang, 30 ga Mayu, 2004

Zuhra,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Wasiƙarki ta Afrilu sai shekaranjiya ta iso, ban san inda ta kwana sati shida ba. Na kira ki jiya layin yana yankewa, na san abin da kika ji kawai shi ne ki tsaya a kansa har ya haɗiye. Ga sauran.

Jan zufar nan ba ya dainawa don jiki ya saba. Muddin ana shan kafson yana nan. In ya ɗauke, to kafson ba ya shiga cikin Kawu. Ki haɗa wannan da fitar hantsi da sauƙin da Baba Thaddeus ya samu ba tare da ya je asibiti ba. Ina roƙon Allah ya sa na yi kuskure.

Kuma ni ban ce ki kore shi ba. Ɗaki rufe na ce. Da sun koma gindin mangwaron tsakar gida sun ci tuwonsu a sarari, da babu komai, kuma da abin da suke yi yana gaban idonki. Ban faɗa don in ɗora miki ba, na faɗa ne don ki gaya wa Kawu ban taɓa ganin Baba Thaddeus a matsayin bare ba.

Yanzu ki karanta wannan a natse. In Kawu yana shan uku yana barin ja, warkewarsa za ta ja baya, amma ina sa ran za a iya gyarawa. Wanda nake jin tsoro a kansa shi ne mai shan ja shi kaɗai. Ƙwayoyin cutar nan rabuwa suke yi biyu biyu, kowace tana kwafar kanta. A cikin miliyoyi ba a rasa ɗaya da kwafin ya ɗan karkace, wurin da jan ke kamawa ya canja siffa, ya zo ya rasa inda zai riƙe. Ba wayo ta yi ba, haka aka haife ta. In magani huɗu ne, sauran ukun za su kashe ta. In ja ne kaɗai, zai share duk 'yan uwanta, mutum ya ji sauƙi ya yi ta godiya, ita kuma an bar mata huhun ita kaɗai. Kamar a yi wa gona feshi ne ciyawa duka ta mutu sai wani nau'i guda, baɗi shi zai cinye gonar. In ta hayayyafa, ranar da aka je asibiti za a tarar mafi ƙarfin maganin ya zama ruwa. Kuma a iya sanina, magungunan da ake komawa gare su bayan wannan ba a samunsu a asibitocinmu.

Ki je wurin Sista Magdalena ki gaya mata komai. Kada ki jira amsata.

Nazeer

*

Karu, 4 ga Yuli, 2004

Yaya Nazeer,

Assalamu alaikum. Muna lafiya gwargwado. Ba ka yi kuskure ba.

Washegarin kiranka ban je ofis ba. Na zuba maganin na zauna. Baba ya sha fararen, ya ɗauki jan ya rufe a tafin hannu yana jira in tashi. Na ce, "Baba, saura ɗaya." Ya ce yau ba aiki ne? Na ce babu. Na ƙi tashi har rana ta shigo tsakar gida. Can ya buɗe hannun ya ce, "Na Tadi ne."

Na ce, Baba, in ma rabawa za ka yi, me ya sa ja? Ya kalle ni kamar na yi tambayar wauta. Ya ce, "Shekara ashirin da wani abu muna cin kwano ɗaya. In tsoka ɗaya ce a miya, ni in tura masa, shi ya turo mini, har ta huce. Kowa ya ga wannan jan ya san shi ne tsokar, shi ne mai aikin da ido ke gani. In ba shi ƙananan in riƙe babban? Ke kika hana shi shigowa, shi ya ƙi asibiti, in zauna ina warkewa ina jin tarinsa daga bakin titi?" Na yi kuka a gabansa, abin da rabona da shi tun jana'izar Inna.

Sista Magdalena ta yi faɗa, kuma ta fi yi da ni. Ashe shi ya sa gwajin wata biyu bai fita da kyau ba har ta ƙara masa wata guda na jan, shi ma duk shagon taya ya tafi. Yanzu an sake masa sabon zagaye daga farko, wata takwas, da allura kullum a watannin farko. Kowace safiya sai ya je ya sha a gabanta ya buɗe baki ta gani. Ta ce masa wannan ne zagaye na ƙarshe da take da shi.

Baba da kansa ya je ya gaya wa Baba Thaddeus babu sauran kafso. Ya roƙe shi su riƙa zuwa tare. Baba Thaddeus ya ce sai bayan biki, ai ya ji sauƙi. Na je wurin Mama Catherine, ta ce ta yi ta yi, ya ce ko a ɗaure ba zai zauna a bencin ba kafin a kai Jennifer ɗakinta.

Abu ɗaya na riƙe ban gaya wa Baba ba, shi ne bayaninka na gona da feshi. Abin da ya sani kawai shi ne ya cuci kansa kuma ɗaya ba ya warkar da kowa. Ka san zuciyarsa. In ya ji cewa kyautarsa tana iya zama ita ce ta rufe wa amininsa ƙofa, wallahi ba zai ƙara taka asibitin ba.

Maganar kora kuma, na sake karanta wasiƙarka har sau nawa. Gaskiyarka, ɗaki rufe ka ce. Amma kai ma, Yaya, ka rubuta "a dakatar" ga mace mai tsoro wadda ubanta ke zubewa a gabanta, me kake zaton za ta gani? Na ji haushinka na kwana biyu, yanzu ya wuce, haushin kaina nake ji.

Zuhra

*

Karu, 19 ga Disamba, 2004

Yaya Nazeer,

Assalamu alaikum. Wasiƙunka biyu duk sun zo, ka yafe mini shirun. Ba fushi ba ne, na karɓi ban-haƙurinka tun ta farko. Na yi ta jira ne in samu labari mai daɗi gaba ɗaya in rubuto, ya ƙi samuwa.

Rabin mai daɗin: Baba ya gama allurai, gwajinsa ya fita babu komai, ya yi ƙiba har na saki wandunan da na tsuke. Kunnensa na hagu ya ɗan yi nauyi saboda allurar, amma ya ce dama yawancin abin da ake faɗa a Karu bai cancanci kunne biyu ba.

An yi bikin Jennifer lafiya, an kai ta Uke. Baba Thaddeus ya yi rawa a coci, da aka dawo ya yi tari har da jini. A Satumba ya bi Baba asibiti da ƙafarsa. Yanzu kullum tare suke tafiya, su zauna benci ɗaya, su buɗe wa Sista baki kamar 'yan firamare, su dawo gindin mangwaro. Bai tsallake ko rana ɗaya ba, Yaya, ni shaida ce. Amma kullum ƙara zubewa yake. Gwajinsa na wata biyu ya nuna cutar tana nan, na wata uku ma haka. Ya rufe shagon. Daga bakin titi zuwa gidanmu sai ya huta a hanya.

Baba ya fara tambaya. Sista tana da wani jawabi da take yi wa sababbin zuwa, cewa wanda ya sha ɗaya ya bar uku ya koya wa cutar cin magani. Baba ya sha jinsa, amma shekaranjiya ya dawo ya zauna bai cire hula ba. Ya ce, "Zuhra, wanda ya sha uku ya bar ɗaya fa, da wanda ya sha ɗayan, wa ya fi shiga uku?" Na ce ban sani ba, na shige kicin. Saura masa wata biyu da 'yan kwanaki ya gama.

Don Allah ka bincika mana. Babu wani magani a can da za ka aiko? Babu inda za a kai kakinsa a gane wanne ne ba ya ji?

Zuhra

*

Serdang, 16 ga Janairu, 2005

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na yi murna da labarin Kawu, na kuma kasa cin abinci saboda sauran.

Na tambayi likitocin nan, na rubuta wa abokan aikina na Sheda su ma su tambaya. Magungunan suna nan a duniya, amma ba abin da ake sawa a ambulan ba ne. Kusan shekara biyu ake sha, da allurai, da gwajin jini a kai a kai, a hannun likitan da ya san su. In na samo kala ɗaya ko biyu na aiko, na maimaita abin da Kawu ya yi ke nan, ni da na sani. Wurin gwajin kuma har yanzu ba wanda ya nuna mini inda mutum irin Baba Thaddeus zai kai nasa. Ina ci gaba da nema.

Saboda haka ba zan iya rantsuwa cewa kafson ne ba. Yana yiwuwa tun farko mai taurin ya ɗauka. Amma in kin tambaye ni abin da na fi zato, kin riga kin sani. Na yi shekaru ina kallon wannan abu a farantin gwaji, ina rubuta shi a takarda ina jin daɗin yadda lissafin ke fita daidai. Ban taɓa kawo wa raina zan gan shi a jikin mutumin da ya koya mini tuƙi ba.

Ku riƙa zama da shi a sarari, Mama Catherine ma a duba ta. Kawu kuma ki riƙe shi ya gama, ko me zai tambaya.

Nazeer

*

Karu, 8 ga Mayu, 2005

Nazeer,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni ne kawunka da hannuna, ka yi haƙuri da rubutun direba. Zuhra ta ce za ta rubuta mini, na ce a'a.

Na gama magani a farkon Maris. An ba ni takarda an ce na warke. Tadi kuwa an sake masa zagaye da allura kamar nawa, bai karɓa ba. Bayan Ista ya ce a kai shi gida, can ƙauyensu bayan Pankshin, yana so ya ga duwatsunsu. 'Ya'yansa suka ce za su ɗauki shata. Na ce ina raye ba wanda zai ja Tadi sai ni. Na ari motar maƙwabcinmu, muka kwantar da shi a baya, Catherine tana gaba, gilasai duka a sauke kamar yadda Sista ta ce.

Kai da Zuhra kun ɗauka ban gane ba. Na gane tun Disamba. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na yi shekara talatin ina jin ƙarar inji, na san in aka yi shiru a inda ya kamata a yi magana. Na ci gaba da sha ne kawai domin in na daina ba mai raka shi benci.

Da muka iso Uke muka tsaya Jennifer ta fito ta gan shi. Ta yi kuka ta koma, Catherine ta bi ta ciki ta ɗauko ruwa. Muka rage mu biyu a bakin titi, manyan motoci suna wucewa. Na juyo na ce, Tadi, akwai maganar da zan gaya maka kafin mu hau dutse. Jan kafson nan da na riƙa kai maka, shi ne ya sa maganin asibiti ya ƙi ka.

Ya buɗe ido ya ce, "Na sani, Maitama."

Na ce ka sani?

Ya ce, "Tun January. Doctor ya tambaye ni ko na taɓa shan wani abu kafin na zo. Na faɗa masa. Ya ajiye biro, ya yi mini bayani duka. Na ce wa Catherine in ta faɗa ma wani, ni da ita ne. Na san ka. In ka ji, za ka zuba naka a gwata ka zo ka kwanta kusa da ni, mu zama gawa biyu, wa zai ja mota?"

Ya yi tari ya huta, sannan ya ce, "Ka gama naka?" Na ce na gama. Ya ce, "Duka? Har da ja?" Na ce har da ja. Ya ce, "To. Tada mota, rana yana yi."

Mun isa da la'asar. Ya ga duwatsun. Bai cika sati biyu ba ya rasu, ran Laraba da hantsi, ina can ban dawo ba. Na tsaya a bayan cocinsu har aka gama, na sa hannu a ɗaukar akwatin, ba nauyi ko kaɗan.

Kada ka rubuto ka ce ba laifina ba ne. Zuhra ta faɗa, Catherine ma ta faɗa, har da cewa wataƙila dama can mai taurin ya ɗauka. Na ji, Allah ya saka musu. Ni dai na san abin da na riƙa ɗauka a aljihu kowace hantsi ina sauri kada ya jira.

Abu ɗaya nake so. In Allah ya dawo da kai ka koma aikinka, ka ɗauke ni ka kai ni Sheda, ka sa mini abin nan a madubinku. Zuhra ta ce ƙanana ne ƙwarai, sai an rina su ake gani. Ko yaya suke ina so in gani da idona, in san kamannin abin da na yi kiwo a ƙirjin Tadi.

Kawunka,
Maitama